Wa Ya Yi Masa Huɗuba?

Daura,
Watan Sha'aban.

Zuwa ga ƙanina Dabo,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya kamar yadda muke a nan. Ya Kano, ya koyon babbar mota? Inna tana gaishe ka, ƙafar tata da sauƙi. Matarka Zaituna ma lafiya lau, cikin ya fara fitowa, kwaɗayin ɗanwakenta ya hana mu sakat.

Na san za ka yi mamakin ganin takarda alhali ga waya. To kai ba a yi maka magana a waya. Da na fara sai ka sa dariya, ka ce Yaya kin cika tsoro, ka kashe. Takarda kuwa ba ta da wurin dannawa, dole ka karanta har ƙarshe.

Tun ranar da Anwar ɗin nan mai ɗaukar wa kamfani direbobi ya zo tasha da farar shaddarsa da turarensa, ka ajiye makullin tifar yashi ka bi shi, ban hana ka ba. Ka ce ya yi muku alkawarin sabuwar tirela, da hanyar Kano zuwa Damagaram ta Kongolam, wato ka riƙa wucewa ta ƙofar gida. Ka ce kuma duk direban da matarsa ta haihu za a sallame shi ya zo. Tirela da hanya ba su dame ni ba. Na ƙarshen ne ya tsaya mini a rai, domin na san shi ne ya ja ka.

Ni na goya ka, Dabo, babu abin da za ka ɓoye mini. Ranar da aka haife ka Baba yana hanyar Ikko da lodin gyaɗa. Maƙwabcinmu Malam Maharazu ne ya yi maka huɗuba a kunne, ya sa maka sunan da ya ga dama. Baba bai dawo ba sai bayan arba'in, kuma har ya koma ga Allah yana cewa shi sunan mahaifinsa Zakiyyu ya so a sa maka. Kana yaro ka rantse mini cewa muryarka ce za ta fara shiga kunnen ɗanka. Ga shi kun daɗe kuna jira, sai yanzu Allah ya kawo. Ba zan zauna wani mai turare ya yi wasa da wannan ba.

Saboda haka ga abin da zan yi. Ba zan tambayi Anwar ba, aikinsa ke nan ya ce e. Ba zan tambayi direbobi ba, ku maza ba kwa faɗin an cuce ku. Matansu zan bi. Na ji akwai waɗanda mazansu ke kamfanin a Mashi da Kongolam da nan cikin gari. Tambayata ɗaya ce, kuma mace ba ta manta amsarta: wa ya yi wa ɗanki huɗuba?

Ka ci gaba da koyonka, kada ka fasa. In na gama zagayena zan faɗa maka gaskiya, ko ta yi maka daɗi ko ba ta yi ba.

Ka gai da abokan karatu. Allah ya tsare.

Yayarka,
Haulatu.

Daura,
Watan Shawwal.

Zuwa ga ƙanina Dabo,

Assalamu alaikum. Barka da shan ruwa, da fatan ka yi Salla lafiya. Mu ma lafiya, sai kewarka. Hoton tirelar da ka turo ya zagaye unguwa, Inna har ta sa an nuna wa mai kai mata ruwa. Sabuwa ce dal, na yarda. A nan Anwar bai yi ƙarya ba, kuma ni ba na hana mutum gaskiyarsa.

Na gama zagaye. A Kongolam na sami Murjanatu, mijinta ya shekara biyu a kamfanin. Da na yi mata tambayar sai ta kau da kai, ta ce wan mijin ne ya yi. Shi maigidan yana Fatakwal, ofis suka ce ya sauke kaya tukuna, da ya sauke suka ɗora masa wasu. Ta ce hanyar Damagaram ɗin nan kowa an yi masa alkawarinta, amma tsofaffin direbobi ne ke riƙe da ita.

A Mashi kuwa Lami dariya ta yi har da riƙe ciki. Ta ce nata mijin ya yi huɗuba mana, a waya. Aka kara wa jaririya wayar a kunne, yana cikin kabbara layi ya yanke, kawunta ya ƙarasa. Ta gama dariyar kuma ta share ido da bakin mayafi. Wallahi na dawo gida ranar raina a ɓace, saura kaɗan in rubuto maka ka tattaro kayanka ka koma wa yashinka.

Allah ya sa ban rubuta ba, sai da na je wurin Hussaina, matar Ɗantsoho, can bayan Kusugu. Ta ce duk 'ya'yanta ubansu ne ya yi musu huɗuba da bakinsa, kuma yana aiki a kamfanin nan aka haife su. Na ce mata ashe dai suna cika alkawari. Ta ce ina, kamfani bai san ma ta haihu ba. Shi mai raba tafiya a ofis abin da ya dame shi kaya su isa, bai damu da wa ke riƙe da sitiyari ba muddin direbansu ne. Don haka direbobin ƙasar Daura suke musaya tsakaninsu. Wani ya ɗauke maka tafiya ranar da kake da buƙata, kai ma ka ɗauke masa ranar tasa, a sanar da ofis, shi ke nan.

Na jira Ɗantsoho har ya dawo, muka gaisa a soro. Mutum ne mara yawan magana, sai ka ja shi. Na faɗa masa zancenka da na Baba. Ya ce shi shekarunsa da yawa bai yanka layyarsa da hannunsa ba, kullum Babbar Salla a hanya take samunsa. Ya ce in za ka ɗauki tafiyarsa ta Salla, ranar da Zaituna ta sauka zai zo ya karɓi motarka ko a ina kake.

Ga shawarata. Ka zauna a aikin, mota mai kyau ce, kuma matan duka sun ce ba a wasa da haƙƙin direba a ƙarshen wata. Amma zancen sallama ranar haihuwa ka cire shi daga ranka, Anwar ya ba da abin da ba nasa ba ne. Ka nemi Ɗantsoho a gareji ku yi musabaha a kai. Na san za ka rasa Salla a gida, kuma kai ne za ka fara biya kafin ka ga nasa. Ni na kalli mutumin, na kalli matarsa, hankalina ya kwanta.

Zaituna ta ce ka rage shan shayin tasha. Allah ya kiyaye hanya.

Yayarka,
Haulatu.

Daura,
Watan Muharram.

Zuwa ga ƙanina Dabo, angon ƙarni,

Assalamu alaikum. Barka, barka. Allah ya raya mana, ya sa mai jin ƙanmu ne. Mai jego lafiya, ta sha kunun kanwa har tana neman ƙari. Yaron kuwa hancinka ya ɗauko, Allah ya ba shi haƙuri.

Wannan takardar a hannun Ɗantsoho za ta same ka. Na ji muryarka jiya da ka ce kana Lokoja da kaya, ka kira Anwar bai ɗauka ba, ofis kuma sun ce ba su san da wani alkawari ba, ka kai kaya Fatakwal tukuna. Ban taɓa jin ka haka ba, ka kasa ko ƙarasa magana. Na ajiye wayar. Na tuna ni na sa ka yi Salla a bakin titi kana cin biredi, shi Ɗantsoho yana gida yana fiɗar rago. Na ce yau in mutumin nan ya noƙe, da wane ido zan kalle ka?

Ban ma aika masa ba. Hussaina ta shigo barka, ta leƙa yaron, ta fita. Kafin la'asar sai ga sallamarsa a soro da jakarsa a kafaɗa. Abin da ya tambaya kawai shi ne inda ka tsaya da motar. Ya ce ya riga ya kira mai raba tafiya, an amince. Ka miƙa masa makulli, ka hau motar haya, kada ka tsaya sayen tsaraba.

Yanzu ga abin da ban faɗa maka a waya ba. Tun da yaron nan ya faɗo nake zaune a bakin ƙofar ɗakin Zaituna. Kawu Mahdi ya zo da carbinsa zai shiga ya yi huɗuba, na ce ya yi haƙuri, uban yaro yana tafe. Ya ce ba a jinkirta wa jariri jin kiran salla. Na ce masa gaskiya ne, shi ya sa na bar tagar da ke kallon masallaci a buɗe, ladan yana yi masa tun jiya. Ya ce ni dai tun ina yarinya ba a iya mini. Ya tafi yana faɗa, amma ya dawo da dabino ya ce a ajiye maka, kai za ka tauna ka sa masa a baki.

Inna kuwa da farko ta goyi bayan Kawu. Da na tuna mata ranar da aka haife ka sai ta jawo tabarmarta ta zauna kusa da ni. Yanzu mu biyu ke gadin ƙofar.

Babu wanda ya raɗa masa komai, Dabo. Kunnensa yana nan yadda Allah ya halicce shi. Duk wadda ta shigo barka ta tambayi sunan yaro, sai Inna ta ce sunan yana bakin ubansa, ubansa kuma yana hanya. Ɗazu na ji ta ita kaɗai tana gwada kiran Zakiyyu a hankali, ta ɗauka ban ji ba.

Ka ce wa direban ya bi a hankali. Muna nan, ba inda za mu.

Yayarka,
Haulatu.