Tsugunawa Munka Yi, Kunka Rubuta Mun Yarda

Zuwa ga Shugabar tawagar masu binciken maganin ƙazuwa a gidan gyaran hali,

Ranki ya daɗe, Likita. Bayan sallama irin ta Musulunci, ina gaishe ki da aiki, ina gaida iyali da ma'aikatanki duka, har da dogon nan mai riƙe maki lema.

Sunana Bashiru, shayi nake sayarwa a kasuwar Bodinga. Karatun boko a jikin tsofaffin jaridun naɗe burodi na koye shi, saboda haka in harshena ya yi kaifi, babu malamin da za a kai wa ƙarata. Kin san ni, ko da yake tsakiyar kaina kawai kinka gani. Ina cikin waɗanda kunka tara a tsakar gidan yari kafin azumi. Rigimar iyakar gonar albasa a Dandin Mahe ce ta kai mu can, ni da kawuna Atto. Ni an ba da belina, shi yana ciki yana jiran ranar kotu.

Na ji ki a rediyo kina cewa an nemi yardar kowa kafin a gwada maganin, kuma ko mutum guda bai ƙi ba. Shayin da nake zubawa a ƙafata ya ƙare. Shi ya sa na ɗauki biro.

Na ɗaya. Da kinka gama bayani, kin ce duk wanda bai yarda ba ya miƙe tsaye ya tafi abinsa. Likita, a wanga gida ba a miƙewa in ganduroba na tsaye. A tsugune ake ƙirga mu, a tsugune ake ba mu tuwo, a tsugune ake yi mana wa'azi. Ranan kuwa gandurobobi na kewaye da mu, ga babbansu a gefenki yana wasa da makullai. Da cewa kinka yi wanda ya yarda a kai shi ƙauyen Horo Birni a ɗaura shi a garma ya ci gaba da tsugunno, haka za ki same mu, ko tari babu. Sannan wai ya tafi abinsa. Ya tafi ina? Da muna iya tafiya abinmu, ai ƙadangaru za ki iske kina yi wa lacca.

Na biyu. An ce kin ɗaga hoto kin nuna cewa man shafawar yana rina fata. Ban musa ba. Amma mu ƙasa muke kallo, don haka anka koya mana tun ranar shiga. Takalminki na sani, ja ne mai igiya, Allah ya sa ki kashe shi lafiya. Hoton kuwa dogon mai lema kaɗai ya more shi.

Na uku. Kin tambaya ko akwai mai tambaya. Akwai, cike da cikina. Sai dai wanda ya yi tambaya ta ƙarshe a wagga tsakar gida, kan dalilin da ya sa wake ya fi ruwan miya ƙaranci, shi ya koma mai fitar da bokitin bahaya har anka sallame shi. Da kinka ji shiru sai kinka yi murmushi, kinka ce bayaninki ya gamsar.

Na huɗu, wanda ya fi ci mini rai. Na fito da hannuwa shuɗi har gwiwar hannu, kamar an tsoma ni a marina. Wa zai sha shayin mai shuɗin hannu? Telolin da sunka saba karyawa wurina sun koma teburin maƙwabcina, wanda shayinsa ruwan wanke kofi ne. Wata tsohuwa ta tsaya ta yi mini addu'ar rabuwa da aljanu. Masu acaɓa sun sa mini suna Alhaji Bula. Launin ya fita, sunan ya ƙi fita.

Yanzu an ce za ku koma bayan Sallah da wani sabon mai. Kawu Atto tsoho ne, bai taɓa musa wa mai kaki ba ko a kan hanya, balle a cikin gidansu. Gemunsa fari ne tas, wancan karon da ƙyar ya tsira da shi, don ƙaiƙayin bai kai can ba. Yanzu ya kai. In ya tsaya gaban alƙali da shuɗin gemu, ba mu san ta inda shari'ar gona za ta ɓullo ba.

Roƙona ga shi. Ku kira mutum shi kaɗai, ku ba shi kujera, ganduroba ya jira a waje da makullansa. Ku faɗa masa da bakinku cewa in ya ƙi, tuwonsa ba zai ragu ba, bokiti ba zai hau kansa ba, shari'arsa ba ta da alaƙa da ƙazuwarsa. Ku sa masa hoton a hannu ya gani da idonsa. Kuma ku sauya tsarin: wanda ya yarda shi zai buɗe baki ya faɗa.

Gaskiya guda ba zan ɓoye ba, man ya yi aiki, ƙaiƙayina ya tafi. Da na kai wa Kawu ziyara ya ce mini yana son na biyun ma, don susa ta hana shi sallah cikin natsuwa, gemu kuwa a zagaye shi. Ya daɗe yana ajiye da wagga magana, bai samu wanda zai faɗa wa ba. Don Allah ku zaunar da shi ku tambaye shi. Zai ce eh, kuma wanga karo shi ne zai faɗa, ba gwiwoyinsa ba.

Allah ya ƙara maki basira, ya raba ki da ƙazuwa, ya raba ki da tsugunno.

Wassalam.

Bashiru mai shayi,
Kasuwar Bodinga.