Garin Ciyawar Teku da Ranar Ƙahon Baba

Gwaggo Basira, salamu alaikum. Don Allah ki agaza mani, kuma kada ki aje saƙon ga cikin layin masu jiran fitowa a jarida, don abin da ke gabana an sa mashi rana, ranar kuwa ta matso. Ki ɓoye sunana. Daga wajen Tsamaye nake, ƙasar Sabon Birni, kuma sai da na tako har bayan gari inda ake samun sabis kafin in iya turo maki wanga dogon zance. Ki yi haƙuri da shi, ban saba rubuta damuwata ba.

Ni ce ɗiyar fari ga mahaifina. Ban sani ba ko ku na birni kuna riƙe da wagga al'ada har yanzu, amma mu nan ana jin kunyar ɗan fari ƙwarai. Tun da anka haife ni Baba bai taɓa kiran sunana ba. In shina so na sai ya yi gyaran murya ya ce a gaya wa mutanen cikin gida. Ni ma ban taɓa zama na dubi idonshi ba. Ba ƙiyayya ba ce, wallahi na san shina so na. Muna yara, in ya tahi kasuwar Isa ni yake fara sayo wa tsaraba, sai dai ya miƙa wa ƙanwata ya ce ta kai ciki. Inna ce ke kai magana tsakaninmu. To Inna ta rasu, Allah ya jiƙanta, bayanta mijina ya bi, na dawo gida da yarana. Ƙanwata tana aure a Isa. Sai ya zama ni ke dafa wa Baba, ni ke wanke mashi tufafi, muna gida ɗaya amma daga ina kwana sai sannu da rana.

Bara, gab da damina, ƙafarshi ta hagu ta kumbura daga gwiwa zuwa ƙasa, ta yi zafi rau. Anka yi ta shafe-shafe ba ta sauka ba, har numfashi ya fara yi mashi wuya. Ƙanena Nasiruddeen ya zo ya kai shi Sakkwato. Can likita ya ce jini ne ya daskare cikin jijiya, har wani guntu ya ɓalle ya tahi huhu, da an ƙara jinkiri da sai dai labari. Sunka ba shi wata 'yar ƙwaya ta tsinka jini, guda kullum, sunka ce kada ya yi fashi, kuma a riƙa kawo shi awon jini don a ga ko ta yi mashi yawa ko kaɗan. Ƙwayar ban taɓa bari ya tsallake ba. Ina aje ta bisa faifan da nake rufe tuwonshi, in na zo ɗaukar kwano in tarar babu. Awon ne ya gagara. Kin san yadda hanyarmu ta koma saboda 'yan bindiga, mutum ya fita sai gidansu sun yi ta addu'a har ya dawo. Tun bayan girbi ba mu koma ba.

Nasiruddeen direba ne, shina jan babbar mota daga Maraɗi zuwa Kwatano. Duk zuriyarmu shi kaɗai ya taɓa ganin teku da idonshi. Watan da ya wuce ya zo da wata roba mai rubutun Faransanci, cikinta wani gari kore-kore kamar garin kuka, shina ƙarni kamar busasshen kifi. Ya ce ciyawar teku ce anka shanya anka niƙa. Ya nuna muna bidiyo a wayarshi, wani mutum da farar riga shina cewa masana sun gano sinadarai cikin ciyawar masu tsinka jini, abin Allah ne ba haɗin Bature ba, ba ruwan mai sha da awo. Ya ce ya sayo ne don a huta da hanyar Sakkwato, kada wata rana a tare su da tsoho. Gwaggo, ban ga laifinshi ba, yaron ga shi ya goya Baba a baya har cikin mota ranar da numfashi ya ƙi. Ya ce a riƙa zuba cokali guda cikin kunu, in jiki ya saba sai a watsar da ƙwayar. Baba ya yi murna, ya yi ta sa mashi albarka shina kiran sunanshi, ina tsaye bayan ƙofa ina ji. Ni na kasa watsar da ƙwayar, na kuma kasa hana garin, don Baba da kanshi yake zubawa, robar tana ɗakinshi. Sai ya zama shina shan duka biyun.

Yanzu ga abin da nake gani. Asawakin da yake ajewa bisa katanga kullum jajir. Ran nan ƙaya ta soke shi a hannu wajen gyaran shinge, jinin ya yi ta ɗiga har ya jiƙa hannun riga sharkaf, ni na wanke rigar. Ga wasu tabo baƙaƙe sun fito mashi a damtse da ƙauri, alhali bai faɗi ba, bai bugu ba.

Shi kuwa abin daɗi ya yi mashi! Na ji shi daga zaure shina gaya wa amininshi cewa maganin teku ya yi aiki, ya koro mataccen jinin da ya kwantar da shi bara ya fito sama, saura a janye. Aminin ga shi ne Baba Maliki, wanzamin gidanmu. Shi ya yi mani askin suna, shi ya yi wa Nasiruddeen kaciya. Kowace shekara kafin ruwan shuka yakan zo da zabirarshi ya kafa wa Baba ƙaho a baya da kafaɗu, don ya shiga gona da sakakken jiki. Bara ce kaɗai ba a yi ba, lokacin Baba Maliki na gudun hijira a Isa, kuma Baba ya ƙudurce a ranshi cewa rashin ƙahon ne ya jawo mashi ciwo. Sun sa rana, in wata ya kwana sha bakwai. Wannan karon har ƙafar da ta kumbura za a yi wa.

Gwaggo, ban yi karatun likita ba, amma in ƙaya guda ta yi haka, aska fa? Tsaga nawa ake yi ƙarƙashin ƙaho ɗaya? Na kira Nasiruddeen, ya ce tsoro ne irin namu na mata, in daina ba shi ƙwayar Bature shi ke nan. Ƙanwata ta ce ita dai ba ta shiga tsakanin Baba da wanzaminshi. Na sha tsayawa bakin ƙofar ɗakinshi da kwano a hannu da niyyar yi mashi magana, sai in aje in juyo. Ta ina ɗiyar fari za ta fara yi wa ubanta maganar tabon da ke jikinshi? In kuma na je na hana wanzami zuwa, na tozarta shi gaban amininshi, gobe gari ya ɗauka cewa bazawara ta dawo gida tana juya uba.

Ki gaya mani, ciyawar ga gaskiya ce ko ƙarya? In daina ƙwayar kamar yadda ƙanena ya ce? Har na yi tunanin in zubar da garin a ɓoye in cika robar da kuka, Allah ya yafe mani. Na rasa uwa, na rasa miji, tsoro nake ji ƙwarai. Ban san mi za ni yi ba.

Ɗiyar Fari, Tsamaye.

AMSA

Wa alaikumus salam, 'yata. Tun ranar da saƙonki ya iso na mayar miki da gajeriyar amsa ta lambar da kika turo, don wannan ba maganar jiran fitowar jarida ba ce. Ga cikakkiyar, saboda na san ba gidanku kaɗai irin robar nan ta shiga ba.

Kada a yi ƙahon nan. Ni ba likita ba ce, amma na karanta wa likita saƙonki kafin in amsa, kuma abin da ya fara faɗa ke nan. Jan asawaki, ƙayar da jininta ya ƙi tsayawa, da tabon da ya fito ba bugu, duk alamu ne cewa jinin Baba ya tsinke fiye da kima. Tabon nan sabon jini ne da ke tsiyaya a ƙarƙashin fata. Mai shan ƙwayar tsinka jini, ko da bai taɓa ganin garin teku ba, ba a tsaga shi sai da sanin likitansa. Shi ya sa dabarar kukar ba za ta fisshe ki ba: za ki canja gari, askar kuwa tana nan zuwa.

Game da ciyawar, bidiyon bai yi ƙarya duka ba. Masana sun samu sinadarai a wasu irin ciyayin teku da ke jinkirta daskarewar jini a ɗakin gwaji da jikin dabbobi, kuma ana kan bincike. Amma har yanzu ba su zama maganin da za a ce mai irin ciwon Baba ya ajiye ƙwayarsa ya koma musu ba. Babu wanda ya san ƙarfin abin da ke cikin cokalin da yake zubawa. Wata ciyawar tana iya ƙara wa ƙwaya ƙarfi, wata tana ɗauke da abin da ke rage mata, kuma daga ido ba a gane wacce ce a robarku. Batun abin Allah ne kuwa, tumfafiya ma ta Allah ce, amma ba mai shan ruwanta da ludayi. Ban ce lalle garin ne ya jawo wannan ba. Mai yiwuwa ƙwayar ce ta yi masa yawa tun da aka daɗe ba a auna ba. Awo ne kaɗai zai raba gardama.

Don haka garin a dakata da shi. Ƙwayar kuma kada ke ko Nasiruddeen ku yanke mata hukunci, domin watsar da ita haka kawai na iya dawo da abin da ya kusa ɗauke shi bara. Ki kira lambar da ke katin asibitinsa, ko ki sami ma'aikacin lafiya mafi kusa, yau ɗin nan kafin ya sha ta gaba, ki faɗi duk abin da kika faɗa mini. A kai shi awo cikin gaggawa, a tafi da robar. Ku tambaya ko ana iya yin awon a kusa da ku, ko kuma akwai irin ƙwayar da ba ta bukatar yawan zirga-zirga wadda za ta dace da shi. In kika ga jini a fitsari, ko baƙin bayan gida, ko amai da jini, ko haɓon da ya ƙi tsayawa, ko ciwon kai mai tsanani, ba sauran jiran kowa, a nemi abin hawa.

Ƙanenki kada ki yi jayayya da shi a kan gari. Tsoron hanya ne ya sa ya sayo, tsoron kuwa na gaskiya ne. Ki ba shi labarin hannun rigar da kika wanke, dalla-dalla, ki ce ana bukatarsa ya zo ya kai Baba kamar yadda ya kai shi bara. Wanda ya goya uba a baya ba zai ji wannan ya zauna ba.

Sai maganar kunya. Ba zan ce miki al'adar banza ba ce, ni ma a cikinta na tashi. Amma kin manta cewa Baba Maliki ubanki ne shi ma, kanki ya riƙe ranar suna. Ki sa mayafi ki je gidansa gaisuwa, ki bi ta wajen matarsa in hakan ya fi miki sauƙi. Ba hana shi za ki yi ba, labari za ki ba shi: ƙwayar asibiti, ƙaya, asawaki. Babu wanzamin da ke son jini ya ƙi tsayawa a ƙarƙashin askarsa, balle jinin amininsa. Shi zai san bakin da zai gaya wa Baba, a zaure, tsakaninsu, ba tare da sunanki ya fito ba. Ki roƙe shi ya haɗa da maganar garin da ta awon, don abin da Baba ya ji daga bakin amininsa zai fi shiga.

In duk wannan bai yiwu ba kafin ranar, to ke za ki faɗa. Ki tsaya a bayan ƙofar nan da kika saba tsayawa, ki sunkuyar da kai, ba sai kin dube shi ba. Ki ce likita ya hana ƙaho, kuma kina jin tsoro. Zai iya yin fushi, zai iya ƙin cin tuwonki kwana biyu. Ki jure, 'yata, fushin zai wuce.

Mutumin nan ya yi shekara da shekaru yana jin kunyar kiran sunanki, yana sayo miki tsaraba yana ba wata ta miƙa. Ki yi abin da zai sa ya ƙara wasu shekarun yana gyaran murya a zaure yana cewa a gaya wa mutanen cikin gida. Allah ya ba shi lafiya, ya tsare muku hanya, ya sa ya ga geronsa na bana da idonsa, ya kuma buɗe miki baki a lokacin da ya dace.

Gwaggo Basira