Yashi a Kan Baban Viyon

Litinin, 6 ga Maris
Jirgin yashi ya iso kwatarmu ta Legas da wani ƙaton bututu, yana ta aman rairayi cikin ruwa. Wai gidaje za a gina. A kan ruwa! Daidai ƙafar gadar katako suka nufa, inda jirgin fiton Baban Viyon ya kife da shi. Ba mu taɓa samun gawarsa ba. Nan ne kabarin mijina, ba ni da wani.

Alhamis, 16 ga Maris
Na tari shugaban leburorin. Na ce, "Oga, akwai mutum a ƙarƙashin nan." Ya ce, "Iya, duk Legas a kan mutane take zaune." Ɗan banza, har da dariya.

Asabar, 8 ga Afrilu
Jiragen fito sun daina tsayawa, ruwan bai kai gwiwa ba. Mautin mai kifi ta kwashe kwandunanta. Ta ce, "Iya Viyon, ki taso mana. Mai gidan naki ko yana da rai bai taɓa zama wuri ɗaya ba, yanzu ne zai zauna jiran yashi?" Na zage ta tas. Da ta tafi na yi kuka.

Lahadi, 30 ga Afrilu
Sun cire gadar.

Talata, 16 ga Mayu
Ranar da ruwa ya ci shi ta zagayo. Na soya ƙosai, na sayi giyar ogogoro, kamar kowace shekara, don in zuba masa a ruwa. Ina ruwan? Fili fetal, fari fat. Na yi gaba, na yi baya, na kasa gane wurin. Ni da nake zuwa ido rufe! Na tsiyaya a inda ƙafata ta gaji, yashi ya shanye nan take. Ƙosan kuwa kare ya cinye ina kallo. Wayyo ni Senami. Raina ya ɓaci, ban ma iya korarsa ba.

Juma'a, 9 ga Yuni
Na makara zuwa kasuwa, sai na yanke ta sabon filin kamar kowa. Hanyar ta fi sauƙi, gaskiya, ba laka. Ina tafe ina tunanin tsadar manja. Sai da na dawo gida ina kakkaɓe takalmi na tuna a kan wa na bi.

Ban ko gaishe shi ba.