Tarin Inna

Yaya,

Ina gaishe ka da iyali. Ni lafiya lau, sai idanuna da suka gaji da leƙen ƙwayoyin cuta a ɗakin gwaji.

Ka ce tarin Inna sanyi ne kawai. Yaushe ka zama likita? A waya na ji tana toshe baki don kada in ji. Kullum ina duba kakin iyayen wasu, tawa uwar kuwa ana ɗura mata maganin kemis.

Don Allah ka kai kakinta na farkon safiya asibiti a gwada. In sunan tarin fuka kake tsoro saboda maƙwabta, bar mini sunan, kai ɗauki kwalbar.

Allah ya ba ta lafiya. Ka ce mata ban ji komai ba.

Ƙanwarka