Rumfar Inna da Duwatsun Murhunta Uku

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Sashen Ba da Izinin Gini na ofishin magajin garinmu, wanda a nan muke kira meri.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da ma'aikatanka baki ɗaya, har da wanda ke yawo da gwangwanin jan fenti. Sunana Alhaji Sabi'u, takalma nake sayarwa a kasuwar Adjamé da ke nan Abidjan, kuma tun da na zo garin nan ban taɓa rubuta wa hukuma ko layi ɗaya ba. Na sa wasiƙar a fili ne saboda na yi ta sintiri a ofishinka har maigadi ya san sunayen 'ya'yana, amma kai ban taɓa ganin ko hularka ba. An ce kana da mai fassara. Allah ya ba shi haƙuri.

Maganar a kan rumfa ce: turaku huɗu da kwanon rufi a bayan gidana, a wurin da awaki biyu in sun kwanta ya cika.

Na farko, dalilin rumfar. Bayan rasuwar mahaifinmu na sha fama kafin na shawo kan mahaifiyata, Inna, ta baro ƙauyenmu a ƙasar Katsina ta dawo wurina. Ta yarda bisa sharaɗin za ta taho da duwatsun murhunta guda uku, waɗanda take girki a kansu tun tana amarya. Duk iyakar da muka zo sai 'yan kwastan sun juya su sun ƙwanƙwasa, don sun kasa yarda akwai mai hankalin da zai ɗauko dutse tun daga Najeriya ba komai a ciki. Da muka iso, matata Rabi, haifaffiyar unguwar Treichville ta nan garin, ta nuna mata murhun gas sabo fil. Inna ta dube shi sama da ƙasa ta ce ita ba ta cin tuwon da aka tuƙa a kan wutar da ba ta barin toka. Acheke kuwa, abincin rogon nan na mutanen garin, sau ɗaya ta ɗanɗana, ta ce Allah ya ba masu shi lafiya. Ta kafa duwatsunta a bayan gida, aka zauna lafiya, har ni na fara ajiye tumbi. Sai damina ta faɗi. Ranka ya daɗe, ka san ruwan Abidjan, ba ya jiran tuwo ya nuna.

Na biyu, ni na bi doka, kuma ina so a shaida. Na zo ofishinka aka ce sai da zanen gini daga hannun masani. Na tafi wurin wani mai zane kusa da Gare de Bassam. Ya tambaye ni hawa nawa ne, na ce hawa ɗaya, shi ma ba bango. Ya tambayi inda mota za ta tsaya, na ce itace ne kawai zai tsaya. Zanen ya fito da kyau sosai, har Rabi ta rataye kwafinsa a falo. Na miƙa, aka ce kada in taɓa wurin sai mai duba gini ya zo ya ga fili fayau. Na ce na ji, na koma ina jira.

Na uku, inda abin ya kwaɓe. Wata safiya bayan sallar asuba muna fitowa daga masallaci, na ce wa maƙwabcina Malam Ɗanjuma kafinta ai jiya Inna ta yi tuƙi da muciya a hannu ɗaya, lema a ɗaya hannun. Wallahi hira ce nake yi, ban roƙe shi komai ba. Amma mu a wurinmu, in ka ji tsohuwa na shan ruwa a ka, ba ka tambayar ɗanta ko yana so a taimaka, don tambayar ma abin kunya ce. Na tafi kasuwa. Da yamma na dawo na tarar da rumfa a tsaye, mutanen masallaci sun jeru a ƙarƙashinta suna kwasar tuwo da miyar kuka. Wani ya kawo kwano, wani ƙusa, wani katako. Me zan ce musu? Na yi godiya, na wanke hannu na zauna.

Washegari sai ga ma'aikacinka, wanda na yi ta zuba ido ban gani ba. Ya ce ba a ba da izinin gina abin da an riga an gina, sai an rushe ya dawo ya ga fili. Ina so ka sani mutumin kirki ne mai riƙon amana: Inna ta zuba masa tuwo, ya cinye tas, ya nemi ƙarin miya, ya wanke hannu, sannan ya shafa wa rumfar jan fenti, alamar a rushe. Yana fita ta ɗauko toka da soso ta goge, tana cewa yaron yana da ladabi amma ƙazami ne.

Na huɗu. Na kwance rumfar na jingine kayan a bango. To, ba a duban idon wanda ya yi maka alheri a ce masa an kwance alherinsa, don haka Rabi ta ba ni shawarar in ce iska ce. Na ce iska ce. Fuskar Malam Ɗanjuma ta canza. Ya ce tun da yake riƙe guduma iska ba ta taɓa kayar masa da aiki ba, kuma ba a kan rumfar Inna za ta fara ba. Kafin in dawo daga kasuwa sun sake tayar da ita, wannan karon da siminti a gindin kowane turke. Kwana bai yi nisa ba sai ga ma'aikacinka da gwangwaninsa. Ya ci tuwo, ya shafa fenti.

Sai da na ari diga na kwance ta biyun. Daga nan na tsaya a gaban masallaci na faɗi gaskiya, liman ya roƙi jama'a su danne zuciya su daina taimako na ɗan lokaci. Sun daure, ko da yake Malam Ɗanjuma yakan kau da kai in ya zo wuce gidana. Tun daga ranar fili yake fayau kamar tafin hannu, kuma tun daga ranar ma'aikacinka bai sake leƙowa ba. Mun lura rumfa ce ke kiransa. In tana tsaye ya zo amma ba zai sa hannu ba, in tana kwance zai sa hannu amma ba ya zuwa. Malam Ɗanjuma ya kawo shawarar a gina ta don a jawo shi, in an hango shi a bakin layi a yi maza a kwance. Liman ya ce wannan yaudara ce, ga shi kuma yawancinmu gwiwa ta fara ciwo.

Na biyar, kuma a nan dariya ta ƙare mini. Itacen Inna ya jiƙe, ta kamu da tari, ta daina hura wuta. Ba ta cin komai sai kunu. Ta ce garin da ɗa sai ya nemi takarda kafin ya yi wa uwarsa inuwa ba garinta ba ne, a mayar da ita gida. Ranka ya daɗe, gidan nan da take faɗa ba kowa a cikinsa. In ta koma, ita kaɗai za ta kwana ta tashi, in ta faɗi ba mai ɗaga ta. Raina ya ɓaci ƙwarai, kuma ina jin tsoro.

Saboda haka ina roƙon abu biyu. A turo ma'aikacinka ya ga filin yanzu da yake fili, don ban san iya kwanakin da maƙwabtana za su jure ba. In kuwa ba zai samu zuwa ba, a sa hannu a kan zanen da ke ofishinka, tunda ya san wurin nan sarai, sau biyu yana cin abinci a cikinsa. In ya zo kada ya sa ran tuwo, sai dai Rabi ta dafa masa shayi a kan gas.

Allah ya ƙara maka girma da lafiya, ya ja kwanan mahaifiyarka in tana raye, ya jiƙanta in ta riga mu, ya sa kada ruwa ya taɓa dukanta kana kallo.

Shekaranjiya Inna ta wanke dutse ɗaya ta naɗe a tsumma ta sa a jaka. Jiya ta sa na biyu. Yanzu da nake rubutun nan ɗaya ne ya rage a ƙasa, ruwa na dukansa, ita kuma tana zaune a bakin ƙofa ta aiki Rabi ta kawo mata soso.

Wassalam.

Naka mai biyayya ga doka,
Alhaji Sabi'u mai takalma