Lambar Sirrin da Kawu Maina Ya Karanta wa Dangi

Dakar, 9 ga Oktoba

Yaya Gumsu,

Ina gaishe ki da kyau. Ya Inna da ƙafarta? An fara roron wake a Dungas? Ni lafiya lau nake, sai ido da ke yi mini yaji. Ba wani abu ba ne, kada ki gaya wa Inna.

Batun shafin intanet na ƙungiyarku ta masu man gyaɗa, na kori ɓarayin da suka kutsa ciki, na share tallar cacar da suka liƙa a ƙarƙashin hoton Inna. Sati uku ina kansa, har maigidana a biro, wurin aikina, ya fara hararata. Amma Gugul bai huce ba tukuna. A da, duk wanda ya shiga Gugul ya nemi "man gyaɗar Dungas" ku yake fara gani. Yanzu ya tura ku shafi na bakwai na sakamakon bincike, inda ko mai cigiyar akuya ba ya kaiwa. Na roƙa a sake dubawa, sai jira. Ku riƙe kasuwar Magariya kafin masu sayen nesa su dawo. Allah ya dafa muku.

Na gano ƙofar da aka bi. Kawu Maina ya tambaye ni lambar sirrin shafin, na ji nauyin hana shi, shi kuma ya karanta ta a gurup ɗin dangi na waya don kowa ya sa albarka. Mutum ɗari biyu, Yaya.

Na canza ta. Jiya ya kira sau huɗu ban ɗauka ba. Ke ce babba, ki je ki durƙusa ki gaya masa ba zai samu sabuwar ba. Ɓarayin kam na iya da su, Kawu ne ya fi ƙarfina.

Ƙanenki,
Sharifu