Uwar Bindeshwar

Litinin, 5 ga Maris, 1951

Mai rajistar masu zaɓe, wanda ake kira Babu Nathuni, ya sake zagayo unguwarmu ta Chapra a nan Indiya, na bi shi gida-gida. A cikin mata arba'in, shida kacal suka faɗi sunansu. Sauran daga bayan labule: "matar Sitaram", "ɗiyar mai kifi". An turo umarni cewa duk wadda ba ta ba da sunanta na yanka ba zuwa ƙarshen wata, za a soke ta. Shekara talatin ina yawon taro da rubuta koke, na yi wata tara a kurkukun Turawa, duk don waɗannan. Yau an kawo musu ƙuri'a har ƙofar ɗaki, suna jan mayafi. Haushi kamar ya kashe ni.

Alhamis, 8 ga Maris

Inna ma. A takarda an sa "uwar Bindeshwar". Na ce ta faɗa wa Babu sunanta, ta ci gaba da murza gurasar roti kamar da bango nake magana. Da na matsa sai ta ce macen kirki ba ta miƙa wa baƙon namiji sunanta, kuma ita ba ta aike ni kurkuku ba.

Asabar, 17 ga Maris

Na yi mata jawabi na kusan awa guda, irin wanda na taɓa yi a Patna aka yi ta tafi. Ta yi gyangyaɗi.

Talata, 27 ga Maris

Yaya Bindeshwar yana ta dariya a kan shayi: "Shugabar mata, ki ƙyale tsohuwa, ni zan jefa mata a zuci." Shi da bai taɓa taka taro ɗaya ba, sunansa na nan ɓaro-ɓaro a layi na farko.

Jumma'a, 30 ga Maris

Ban so rubuta wannan ba.

Na je ofis na ce wa Babu ya ba ni alƙalami in cike da kaina, ai uwata ce. Ya miƙo. Na riƙe, na tsaya. Ban sani ba. Ina da shekara hamsin da huɗu ban san sunan uwata ba. Baba har ya mutu "ke" yake ce mata, maƙwabta uwar Bindeshwar, mu Inna. 'Yan ƙauyensu da suka sani duk sun mutu an ƙone gawarwakinsu a bakin kogin Ganga. Babu ya ce, "Ba ke kaɗai ba ce, Malama Rukmini," ya karɓi alƙalaminsa a hankali. Da ma zagina ya yi.

Na tambayi Yaya, ya ce ana tambayar irin wannan?

Asabar, 31 ga Maris

An soke ta.

Lahadi, 15 ga Afrilu

Na gama. Su zauna a bayan labulensu har ƙura ta binne su. Ni da Inna gaisuwa kawai.

Litinin, 14 ga Janairu, 1952

Na jefa ƙuri'a. Layin mata gajere, ban ji komai ba sai ciwon gwiwa.

Da na dawo Inna tana shan hantsi a tsakar gida. Ta kama yatsana tana duba tawadar da aka ɗiga, ta goga da bakin zanenta na sari, ba ta fita ba. Ta ce, "Wannan ne abin?" Na ce shi ne, da ita ma tana da shi in ba don taurin kai ba.

Ba ta saki yatsan ba. Ta ce, "Wata guda kina ce min faɗa wa Babu, faɗa wa gwamnati. Ke kin taɓa tambaya ta?"

Na zauna kusa da ita. Can na ce, "Inna, ya sunanki?"

Sai da ta waiga ta tabbatar Yaya ba ya nan. Fulmati. Ta ce rabon da wani ya kira shi tun rasuwar uwarta.

Zaɓe na gaba sai bayan shekara biyar. Tana da tamanin da ɗaya, ga tarin nan da ya ƙi barinta.

Laraba, 16 ga Janairu

Na shiga gidan Sitaram aron rariya, ba wani abu ya kai ni ba. Muna zaune ina taya matarsa tsince shinkafa, na tambaye ta. Sonpari. Na rubuta a bayan littafin nan, ƙarƙashin na Inna. Akwai sauran wuri a shafin.